Tashar Baro: tarihi da tsarin ginin wata tashar jirgin ƙasa da aka bari

Gabatarwa

Har zuwa shekara ta 2014 babu tashar jirgin ƙasa ko ɗaya a ƙasarmu Nijar, amma kalmar tasha ta daɗe a bakin kowa, daga Yamai har Gure. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa reluwen maƙwabtanmu na kudu ya taɓa rayuwarmu tun da daɗewa, ko da yake dogonsa bai tsallako iyaka ba. A cikin wannan ƙasida za mu dubi wurin da reluwen ƙasar Hausa ya faro, wato tashar Baro, wani ƙauyen Nufawa da ke bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja a Nijeriya. Daga nan ne aka shimfiɗa dogon da ya isa Kano a 1911. Yau jirgi ba ya zuwa Baro.

Za mu bi matakai uku. Da fari za mu ga dalilin da ya sa aka zaɓi wannan wuri da yadda aka yi aikin. Sannan mu karanta tsarin tashar kamar yadda ake karanta matani, domin gini yana faɗin abin da maginansa suka ɗauka da muhimmanci. Daga ƙarshe mu dubi abin da layin ya jawo ma Damagaram da Maraɗi, da kalmomin da ya bari cikin harshen Hausa. Ra'ayin da muke karewa shi ne, darajar Baro ta dogara ne bisa haɗuwar hanyoyi biyu, ta ruwa da ta ƙarfe, kuma ranar da haɗin ya kwance ginin bai iya tsare ta ba.

1. Asalin layin

Ingila ta kafa mulkinta bisa Arewacin Nijeriya a 1900, ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasar da Lugga ya samu a hannunsa babba ce, amma ba ta da bakin teku, kuma harajinta bai isa ya riƙe ta ba sai da tallafin baitulmalin Landan. A kudu kuwa gwamnatin Legas tana da nata dogon, wanda ya isa Ibadan a 1901. Sai gardama ta tashi tsakanin Turawan mulkin su ya su. Na Legas suna son a miƙa layinsu har Kano, kaya su riƙa sauka a tashar ruwansu. Lugga da mutanensa suna son layin Arewa na kansa, wanda zai taso daga wani wuri bisa Kwara inda jirgin ruwa ke iya kaiwa, kogin ya ɗauki sauran tafiyar zuwa teku.

Abin da ya sa Landan ta buɗe jakarta shi ne auduga. Masaƙun Lankasha sun dogara da audugar Amurka, suna kuma tsoron ranar da za ta yanke. Ƙungiyar da suka kafa a 1902 don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mallaka ta sa ido bisa Kano da Zariya, inda saƙa da rini suka daɗe da kafuwa. A 1907, lokacin da Winston Churchill yake ƙaramin ministan ƙasashen mallaka, aka yanke hukunci mai faranta ma kowa: za a gina layin Baro zuwa Kano, a kuma bar na Legas ya ci gaba da hawa har ya sadu da shi. Za mu ga a gaba cewa cikin wannan sulhu ne ajalin Baro yake.

Lugga ya bar Arewa a 1906. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, injiniyan soja ne, ɗan Kanada mai jin Faransanci, wanda ya yi suna da shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan a 1897 a ƙarƙashin Kitchener. An naɗa shi ne musamman saboda wannan aiki. Maimakon a ba wani kamfani kwangila, sai aka danƙa aikin ga ma'aikatar ayyuka ta Arewa, bisa jagorancin shugabanta John Eaglesome. Manufar Girouard ita ce layi mai araha, kimanin fam 3,000 kowane mil bisa ƙiyasin farko, a isa Kano da sauri, a bar gyara da ƙawa sai ciniki ya kankama. Faɗin dogon ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067, daidai da na Legas.

2. Me ya sa Baro?

Baro tana da nisan kimanin kilomita 650 daga teku idan an bi kogi. Tana sama da Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, tana kuma ƙasa da inda kogin Kaduna ke zubowa. Abu biyu suka ja hankalin injiniyoyi. Na farko, gaɓar kogin a nan mai ƙarfi ce, ga tudu kusa da ruwa, alhali mafi yawan gaɓar Kwara ta wannan yanki fadama ce da ambaliya ke shanyewa kowace damina. Na biyu, daga Baro akwai hanya mai sauƙin hawa ta kwarin kogin Gbako, ta Katcha da Badeggi kusa da Bida, har zuwa Minna.

Sai dai kogin yana da nasa kalandar. Mutanen Yamai sun san cikar Kwara iri biyu: jan ruwan damina na Agusta da Satumba, da baƙin ruwan da ke tasowa daga Gini ya iso cikin hunturu. A Baro babbar cika ita ce ta ƙarshen damina, kuma cikin waɗannan ƴan makonni kaɗai manyan jiragen da ke fitowa daga teku ke iya hawowa har bakin tashar. Sauran shekara sai ƙananan jirage marasa nitso, da rani ya tsananta kuma rairayi ya tare hanya. Dogo da ƙarafan gada da siminti da kawunan jirgin kansu duk ta ruwa suka zo daga Ingila, don haka kayan aikin shekara guda sai an sauke su cikin wannan ɗan lokaci. Tun ranar farko, ke nan, tashar ta rayu bisa sharaɗin da ba ta da iko da shi.

3. Waɗanda suka yi aikin

An fara aiki a 1907, dogo ya isa Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe layin ga jama'a a 1912. Tsawonsa mil 356 ne, wato kilomita 573, daga ciki mil 111 (kilomita 179) tsakanin Baro da Minna. Rahotannin mulkin mallaka sun yi ta yabon sauri da arahar aikin. Amma arahar tana da masu biyanta. Haƙa da cike rami da ɗaukar ƙasa a kwando duk da hannu aka yi su, kuma mafi yawan leburorin ta hanyar sarakuna da hakimai aka samo su: a yanka ma kowace gunduma adadin mutanen da za ta kawo, su yi wasu makonni, wasu su canje su. Ana biyan su lada da tsabar kuɗi, amma talaka ba ya da damar cewa a'a. Masanin tarihi Michael Mason, cikin nazarinsa na 1978, ya kira abin da sunansa, aikin tilas. Nufawa da Gwarawa ne suka fara ɗaukar nauyin, tunda layin ta ƙasarsu ya fara ratsawa, kuma cikin wannan yanayi ne rikicin Gussoro na 1909 ya auku, inda aka kashe wani jami'in mulki Bature, sojoji suka zo suka rama bisa ƙauyen.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mai karatu na Nijar. Kakanninmu sun san aikin dole na zamanin Faransawa, na hanyoyi da gine-ginen bariki, wanda ba a soke ba sai a 1946. Bambancin tutoci bai canza matsayin talaka ba. Wani abin lura shi ne ladan leburori ya taimaka wurin watsa kuɗin Turawa, sule da sisi da kwabo da anini, cikin kasuwannin da suka saba da wuri. Mutum ya karɓi sule a bakin dogo, ya mayar da shi ga hakimi a matsayin haraji.

4. Tsarin tashar

Idan aka ce tasha, hankali yakan tafi ga ɗaki guda mai tagar sayar da tikiti. A Baro wannan ɗaki shi ne mafi ƙanƙantar al'amari. Ya kamata mu ɗauki tashar a matsayin tarin gine-gine da aka jera bisa matakai uku, daga ruwa zuwa tudu.

Mataki na farko shi ne bakin kogi, inda jiragen ruwa ke tsayawa, da rassan dogon da ke kaiwa gare su, da manyan sito na ajiyar kaya, na gwamnati da na kamfanonin ciniki irin su Niger Company. Girman wurin ajiya a nan ya samo asali daga kalandar kogin da muka ambata: kayan da jirgin ƙasa ke kawowa kullum sai sun jira ruwa, wani lokaci watanni. Tashar da ke tsakiyar layi tana wuce da kaya, ita kuwa Baro tana tara su.

Mataki na biyu shi ne filin reluwe kansa, ɗan sarari tsakanin kogi da tudu. Tunda nan ne ƙarshen layi, kuma jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, tsarin filin ya bi bukatun kan jirgi: tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, wurin tara gawayi da itace, rumfar da ake kwantar da injin a duba shi, da wurin juya shi ya fuskanci arewa. A farkon shekaru gawayin ma daga Ingila yake zuwa, domin ba a fara haƙar na Inugu ba sai wajen 1915.

Mataki na uku shi ne tudun da ke kallon kogi, wanda aka sani da sunan Empire Hill, inda Turawa suka zauna. Zaman Bature a bisa, nesa da ƴan ƙasa, ƙa'ida ce ta mulkin Ingila a Afirka ta Yamma, wadda aka kafa bisa hujjar tsoron sauro da zazzaɓi. Dokar garuruwa ta 1917 ta kai ga tanadin fili marar gini na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta sauran mutane. A Baro tudun ya yi aikin da doka ke yi a wasu wurare. Wanda ya san tsarin Damagaram, da Birni da Zango da unguwar bariki kowa a gefensa, zai gane wannan tunani.

Game da kayan gini, manufar araha ta Girouard ce ta yanke komai. Gine-ginen irin wannan layi bene ba ya cikinsu: daɓe ne mai ɗan tudu saboda laima da gara, bango marar ado, rufin kwano mai gangara, da baranda mai faɗi da ke hana rana dukan bango, ta kuma zama wurin jiran matafiya. Zanen daga ofishin ma'aikatar ayyuka yake fitowa, a maimaita shi daga tasha zuwa tasha. Idan muka kwatanta da ginin Hausa na tubali da azara, za mu ga hanyoyi biyu na yaƙi da zafi. Soro yana dogara da kaurin bango, yana bukatar yaɓe kowace shekara, amma ƙasar yaɓen tana bayan gida kuma maginin ɗan gari ne. Ginin reluwe yana dogara da inuwa da iska, yana daɗewa ba gyara, amma ranar da kwano ya ci tsatsa ko ƙarfe ya karye sai an jira wata hukuma mai nisa ta aiko da madadinsa. Shi ya sa irin wannan gini yake mutuwa tare da hukumar da ta haife shi.

Akwai kuma abin da jerin matakan nan ke faɗi. Fuskar tashar tana ga ruwa, ƙauyen Nufawan da aka tarar yana gefe. An tsara ta don buhu da dami, matafiyi ƙari ne. A yau masu ziyara sun fi danganta kufan tudun da sunan Lugga, alhali ba ya ƙasar tsakanin 1906 da 1912, shekarun da aka gina layin. Sunan Girouard da na Eaglesome sun shuɗe daga bakin jama'a, na leburorin kuwa ba a taɓa rubuta su bisa wani allo ba.

5. Yadda tashar ta koma reshe

Layin Legas ya isa Jebba a 1909, ya haɗu da na Baro a Minna a 1912, kuma a wannan shekara aka haɗe hukumomin biyu suka zama reluwe guda. Na ɗan lokaci Baro ta riƙe matsayinta, domin a Jebba sai an tsallakar da taragu bisa jirgin fito. Da aka gama gadar Jebba a 1916, buhun da aka loda a Kano yana iya isa bakin teku a Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,130, ba tare da an sauke shi ba, kuma rani da damina. Shekara biyar bayan isar dogo Kano, gangar jikin layin ta koma Legas, yankin Baro zuwa Minna ya zama reshe.

Reshen bai mutu nan take ba. Shekaru da dama wani kaso na gyaɗa da auduga ya ci gaba da sauka ta Baro zuwa Burutu da Warri, musamman na kamfanonin da ke da jiragen ruwansu. Abubuwa huɗu suka taru suka ƙarasa shi. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga bisa ƙasan Kwara. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta canza yadda ruwa ke cika da janyewa. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 sun kashe fitar da gyaɗa waje. Kuɗin man fetur kuma ya tafi ga kwalta, manyan motoci suka ƙwace kayan reluwe. Da babu kaya babu jirgin ruwa, layin Baro ya rasa dalilin zamansa, jirgi ya daina zuwa.

An yi yunƙurin farfaɗo da wurin ta gefen ruwa. A 2009 gwamnatin Umaru Musa Ƴar'aduwa ta ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a watan Janairu na 2019 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar ruwa a can. Amma an buɗe ta ne babu dogo mai aiki a bayanta, babu kuma hanyar mota mai kyau, sai ta yi shekaru ba ciniki. A 1916 dogo yana nan kaya suka bi wata hanya. A 2019 tashar ruwa tana nan dogo babu.

6. Abin da ya iso Damagaram da Maraɗi

Audugar da aka yi dogon dominta ba ta zo yadda aka zata ba, domin masaƙan gida suna biyan manomi fiye da farashin Bature. Abin da ya zo shi ne gyaɗa, wadda mutanen Maraɗi da Tawa ke kira gujiya. Jan Hogendorn (1978) ya nuna yadda fataken Kano da manoma suka juya gare ta da kansu: abin da Nijeriya ta fitar ya tashi daga tan 2,500 da ƴan kai a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913.

A gefenmu, 1911 ita ce shekarar da Damagaram ta zama hedkwatar yankin soja na Nijar, ita ce kuma shekarar da Italiya ta faɗa ma Tarabulus. Stephen Baier (1980) ya bayyana yadda isar dogo Kano ta karya fataucin hamada da ke bi ta Air da Damargu: kayan Turai da raƙumi ke ɗaukowa cikin watanni sun koma shigowa ta kudu da araha. Damagaram, da take ƙofar arewa ta ƙasar Hausa, ta koma bayan gidan Kano. Fatu da dabbobi, daga baya gujiya, suka riƙa gangarawa kudu. Faransawa da kansu sun dogara da wannan hanya: lokacin da Kawusan ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916, sojojin agaji sun sauka Legas, jirgi ya kai su Kano, suka ƙarasa da ƙafa. Ta gadar Jebba suka bi, Baro ba ta gan su ba.

Rassan Ƙauran Namoda (1929) da Nguru (1930) sun ƙara matso da dogo kusa da iyakarmu, alhali layin Faransawa na Dahome ya tsaya a Paraku cikin shekarun 1930. Sai a 1953, da tsarin da aka kira Opération Hirondelle, aka fara jan wani kaso na gujiyar Nijar zuwa Kwatano da motoci da tallafin gwamnati.

7. Kalmomin da dogo ya bari

Harshe ya adana abin da gini ya kasa adanawa. Kalmar jirgi asalinta abin hawan ruwa ne. Da sabon abu ya zo sai aka faɗaɗa ta aka ce jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama. Tarihin kalmar ya bi tarihin Baro sau da ƙafa, daga ruwa zuwa tudu. Dogo sifa ce ta Hausa da ta zama suna. Sauran aro ne daga Ingilishi: reluwe, tikiti, lebura, helma, sito, faskila da sikinkila, har da gada, wadda masana ke dangantawa da sunan ƙarfen da ake gina ta da shi.

Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka aron da ke farawa da st yana da mafita biyu. A sito an cusa wasali tsakani, a tasha kuwa an yar da baƙin farko. Muna ganin wannan bambanci yana nuna hanyoyin shigowa daban, kuma mai yiwuwa tasha ta biyo ta bakin ma'aikatan reluwe ƴan kudu, waɗanda suka cika Sabon Garin Kano da na Zariya. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne Hausar Nijar, wadda ta ari kalmomin makaranta da na ofis daga Faransanci, ta karɓi tasha daga kudu, ta ba wurin tsayawar motoci, har ta zama sunan ƙauyuka da dama a bakin hanya.

Kammalawa

Tarihin Baro ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilu na 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, a 2016 kamfanin Bolloré ya gama shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 140 zuwa Doso, mai faɗin mita 1, wanda bai haɗu da Paraku ba, bai kuma yi jigilar kasuwanci ba. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai faɗin milimita 1,435. Yankinmu yana da faɗin dogo iri uku da ba sa shiga juna. Tambayar da Baro ta koya mana mu yi ma kowane sabon aiki ita ce: da me wannan tasha ta haɗu, wane kaya za ta ɗauka, kuma me zai same ta idan aka buɗe wata hanya?

Akwai kuma aikin da ke jiran masu bincike, namu da na jami'o'in Nijeriya. Gine-ginen ƙarfe da kwano da aka bari suna ƙarewa da sauri, tsatsa tana ci, masu sayen ƙarfe suna kwasa. Ana bukatar a auna su a zana su tun suna tsaye. Ana bukatar kuma a naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatan reluwe da na fataken gujiya na Maraɗi da Magarya da Matamai, a tattara kalmominsu na sana'a da Hausa da Nufanci, kafin waɗanda suka san jirgin tururi su ƙare. Ɗalibin da ke neman batun digiri zai samu a nan fili mai faɗi, inda ilimin harshe da tarihi za su yi aiki tare.